Kumfar Kwamishina

Duk wanda bai san Alhaji Shafi'i ba, to bai san ƙwallon kwando ba. Wannan ba maganata ba ce, tasa ce, ya faɗa a lasifika, ya kuma maimaita don na baya su ji. Allah ya yi wa ƙasar Kazaure arzikin duwatsu da ruwa da gero, ya kuma ƙara mata da Alhaji Shafi'i, kuma mu mutanen garin muna godiya gwargwadon iyawarmu.

Sana'arsa ta asali dillancin riɗi ce, amma kada ka kuskura ka tuna masa. Shi ne ya kafa Gasar Ƙwararrun Ƙwallon Kwando ta Kazaure da Kewaye. Shi ne shugabanta, shi ne uban ƙungiya, shi ne mai magana da yawunta, kuma wanda ya taɓa zama a layin gaba lokacin jawabinsa ya san ba a banza aka sa yawu cikin wannan muƙamin ba. Ƙungiyoyi huɗu ne a gasar: Duwatsun Kazaure, Dogayen Roni, Guguwar Babura, da Ƙarfin Gwiwa. Dukkansu ƙwararru ne, shaida kuwa ita ce an rubuta haka a bayan rigunansu. Da ya ji cewa a Amurka ana kiran shugaban irin wannan gasa kwamishina, sai ya naɗa kansa Kwamishina a take, ya kuma taya kansa murna a rubuce. A gabansa Kwamishina ake cewa. A bayansa kuwa, Gajere Mai Kwando.

Gaskiya ne Allah bai ba shi tsawo ba. Idan ya kafa doguwar hularsa ya yi ɗage, yakan kai hammatar ɗan wasa. Gaskiya ne kuma bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba. Sau ɗaya ya gwada, ranar buɗe fili, ƙwallon ta wuce ta daki lasifika, ya juyo ya yi wa jama'a bayani cewa wannan shi ake kira miƙa wa abokin wasa. Amma abin da ya rasa a ƙafa an biya shi a harshe. Ya taɓa halartar taron ƙara wa juna sani na kwana uku a Legas, ya dawo da takardar shaida da ya rataye a falo, a samanta kuma hotonsa yana karɓar ta. Tun daga ranar babu abin da yake yi a matakin gari. Ko shayi zai sha, a matakin ƙasa da ƙasa yake shan sa.

Sai annobar korona ta shigo a shekarar 2020. Aka rufe makarantu, aka taƙaita kasuwanni, aka ce kowa ya zauna gida ya riƙa wanke hannu. Kowa ya sha wuya a wannan shekarar, amma a ganin Kwamishina babu wanda aka zalunta kamarsa. Wata huɗu cur babu lasifika. Wata huɗu babu wanda ya miƙe tsaye don ya shigo. Ya gwada yi wa matarsa Hajiya Bilqis jawabi bayan cin abinci, kwana biyu ta jure, a na uku ta ce tana da aikin wanki, alhali jiya ta yi.

Ana cikin haka, a tsakiyar damina, wayarsa ta kawo masa albishir. Amurkawa za su koma wasa. Labarin da Turanci yake, ya ce za a sa 'yan wasan duka a cikin wani abu wai shi babul. Kwamishina bai san kalmar ba, amma mutumin da ya yi kwana uku a Legas ba ya tambayar ɗan Adam ma'anar Turanci. Ya tambayi waya. Waya ta ce: kumfa.

Ya dubi takardar shaidarsa. Sai kansa ya buɗe gaba ɗaya. Ashe! Kullum rediyo na cewa a wanke hannu da sabulu har ya yi kumfa, kumfar ce ke kashe ƙwayar cutar. To mu talakawa mun tsaya a hannu, su kuwa Amurkawa da ba sa yin abu rabi sun tsoma mutum ɗungurungum. Ya miƙe ya zaga falo sau uku yana tafa wa kansa.

Washegari ya tara 'yan kwamiti a gindin darbejiyar da ke bakin fili.

"Masu girma 'yan kwamiti," in ji shi, "tarihi ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ni ne na ji. Amurka ta shiga kumfa. Kazaure za ta shiga kumfa. A duk faɗin Afirka mu ne na farko, a duniya mu ne na biyu, wannan ma don sun riga mu ganin labarin ne."

A cikin kwamitin akwai Madam Gloria, ma'aikaciyar jinya, shekararta ashirin a Kazaure, ita ce ke ɗaure wa 'yan wasa targaɗe idan sun gurɗe. Ta ɗaga hannu, takunkuminta a kan hanci.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, ba kumfar sabulu ake nufi ba fa. Killace su aka yi wuri ɗaya. Ba mai shiga, ba mai fita, kuma kullum ana gwada su. Mu nan yaranmu daga fili sai gida, gida kuma akwai tsofaffi. Wasan nan ƙirji da ƙirji ake yin sa, kowa na huci a fuskar kowa. In mutum ɗaya yana da cutar, ya raba wa garuruwa huɗu a yamma ɗaya."

Kwamishina ya yi murmushin da babba ke yi wa wanda bai je Legas ba.

"Madam, muna girmama ki. Amma Turancinki na allura ne, nawa na ƙasa da ƙasa ne. Waya ta ce kumfa. Ke da waya wa ya fi karatu?"

Aka tashi taro da rinjayen murya ɗaya, wato tasa.

Ya tafi birni sayo kayan aiki. Kwana uku ya yi yana gaisawa da duk wanda ya miƙo hannu da wanda bai miƙo ba, yana ba su labarin kumfa. Takunkumi kuwa yana da shi, mai kyau, an yi masa aikin zare ya dace da hula, sai dai a haɓa yake ɗaura shi, domin a cewarsa takunkumi a baki na raƙumi ne mai cizo. Ya dawo da buhu shida na garin sabulu da ɗan tari. Tarin, ya ce, na sanyin na'urar mota ne, irin na manya. Bayan kwana biyu ya fara faɗa da Hajiya Bilqis wai miyarta ba ta da ɗanɗano. Ya kuma yi Allah wadai da masu turaren zamani, domin ya juye rabin kwalba a babbar riga bai ji komai ba. Mu da muke nesa da shi da taku ashirin mun ji, har idanunmu na ruwa.

Matsala ɗaya ce ta rage, sunanta Zubair. Shi ne dogon Dogayen Roni, wanda in ya ɗaga hannu kwando ke gaishe shi. Saboda shi ake cika fili, kuma kowa ya san in akwai wanda wata babbar ƙungiya za ta ɗauka daga yankin nan, shi ne. Shi ma ya sani, kuma yana so har cikin ransa. Amma Zubair a hannun kakarsa Ya Kura ya tashi, tsohuwar da iyayenta suka zo da ita daga gabas tana ƙarama. Su biyu ne a gida, kwano ɗaya, buta ɗaya. Tana da ciwon suga, tana da fuka, idan ta tashi mata sai ka ji numfashinta daga zaure. Zubair ya aika wa Kwamishina cewa a ɗaga masa ƙafa, yana tsoron ya kwaso wa tsohuwa abin da ba za ta iya ɗauka ba.

Amsa ta zo a takarda mai hatimi biyu. Ko ya bayyana a fili ranar Asabar bayan la'asar, ko a kore shi daga ƙwallon kwando har abada, a matakin ƙasa da ƙasa.

Zubair ya zauna a tabarma ya karanta wa Ya Kura, ya kuma gaya mata abin da Madam Gloria ta ce babul ke nufi. Tsohuwar da ko bihim ba ta sani ba a boko ta gane tun bai rufe baki ba.

"Yo wannan ai tsohon abu ne, Maigida," ta ce, don haka take kiransa cikin wasan kaka da jika. "Lokacin ciwon agana bukka ake yi wa mutum a bayan gari, a ajiye masa tuwo a bakin ƙofa a juya. Shi Alhajin naku bukkar ce bai gane ba, ko sabulun ne ya yi masa yawa?"

"Ya ce in ban je ba ya kore ni, Ya Kura."

"To je ka. Amma ka ji ni da kyau, ba na son tsaraba."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya daɗe yana kallon rigarsa mai lamba goma sha ɗaya a kan igiya. Ya yanke shawara zai je, amma ba zai shiga ba, zai tsaya ya faɗa masa baki da baki, daga nesa.

Ranar Asabar ta zo. Kwamishina ya riga ya sanar cewa, kamar yadda ake yi a Amurka, babu 'yan kallo. Don kada a yi musu daga baya, ya gayyaci mutum ɗari uku su zo su shaida da idonsu cewa babu 'yan kallo. Suka zo, suka zo da 'yan'uwansu, suka cunkushe kafaɗa da kafaɗa suna shaidawa.

Filin siminti ne, sumul, a bayan wani tsohon sito na gyaɗa. Tun azahar 'yan garuwa ke juye ruwa, ana zazzaga garin sabulu, majiya ƙarfi na kaɗawa da tsintsiya. Kafin la'asar fili ya ɓace. Babu layi, babu da'ira, sai fari fat daga kwando zuwa kwando, iska na ɗiban guntaye tana kai wa masu shaida a ka. Kwamishina ya ɗebo kumfa a tafin hannu ya shinshina, ya ce an cuce shi, wannan sabulun ko ƙamshi ba ya yi.

Wasan farko tsakanin Dogayen Roni ne da Ƙarfin Gwiwa. Aka jera 'yan wasa, aka bi su da bokiti ana shafe su daga wuya har idon sawu, suka tsaya kamar ragunan da aka wanke za a kai kasuwar Babura. Wannan na murza ido, wancan na atishawa kumfa na fita ta hanci. Aka wanke ƙwallo ma. Kyaftin ɗin Gwiwa ya karɓe ta da hannu biyu, ta sulluɓe ta yi sama, ya sake cafkewa, ta sake tafiya, har sai da ya rungume ta a ciki yana roƙon ta da Allah.

Kwamishina ya hau dandamali, 'yan kwamiti a zaune a gabansa, ban da Madam Gloria da ta ja kujerarta can gefe, ta inda iska ke fitowa. Ya kama lasifika da hannu biyu, yadda mai ƙishirwa ke kama moɗa.

"Ya ku jama'ar da ba ku zo kallo ba! Yau idon duniya na kan Kazaure. Masana sun ce a killace, na ce a kumfata. Masana sun ce a jira, na ce tarihi ba ya jira." Ya tsaya ya yi tari mai tsawo, lasifika ta kai shi har bakin titi. "Wannan tari da kuka ji na gajiyar shugabanci ne. Ina tabbatar muku, duk ƙwayar cutar da ta shigo filin nan, da ƙafarta za ta fita, in ma ta samu wurin taka ƙafar!"

Minti arba'in yana yi. Kumfar fili ta fara kwanciya, ta bakinsa kuwa sai ƙaruwa take, tana sauka a kan 'yan layin gaba. Da ya gama, ya ciro usur daga aljihu, ya hura da kansa don albarka, ya goge a hannun riga, ya miƙa wa alƙalin wasa Sama'ilu. Sama'ilu mutum ne mai iyali. Ya karɓa da yatsa biyu, ya sake shi cikin bokitin sabulu kamar kuskure, ya dauraye sosai. Da ya hura, maimakon ƙara sai ƙwan kumfa suka fito a jere suna tashi sama. Masu shaida suka kwashe da tafi, sun ɗauka yana cikin tsarin Amurka.

Saura abu na ƙarshe a jadawali: Kwamishina zai bi layi ya rungumi kowane ɗan wasa ɗaya bayan ɗaya, mai hoto na ɗauka. Kuma dole a fara da tauraro. Ya duba layin Roni, babu Zubair. Sai ya hango shi can ƙarshen fili, bayan ɗaya kwandon, a bushe ƙarau, takunkumi har ƙarƙashin ido, rigarsa a ninke a hannu.

"Lamba goma sha ɗaya!" lasifika ta yi tsawa. "Shigo cikin kumfa!"

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni," Zubair ya ɗaga murya. "Na zo ne don kada a ce na raina kira. Amma ina da tsohuwa a gida. In korar ce, ga rigar."

Ni dai a lokacin tausayin yaron nan ya kama ni.

Ba a taɓa yi wa Kwamishina haka a gaban mutum ɗari ukun da ba su zo ba. Ya ajiye lasifika. Ya gyara hula. Ya tattara babbar riga ya saɓa a kafaɗa.

"Ni da kaina zan rungume ka, in ga abin da zai same ka!"

Ya sauko daga dandamali da takalminsa sau-ciki, sabo, mai santsin ƙasa. Taku na farko lafiya. Na biyu ma ba laifi. A na uku ƙafar dama ta nufi Roni, ta hagu ta nufi Gwiwa, shi kuma ya zauna a tsakani. Bai tsaya nan ba. Filin yana da ɗan gangare, abin da shekara biyar 'yan wasa na faɗa yana ƙaryatawa. Ya tafi a kan bayansa, ƙafafu a sama, babbar riga ta buɗe, kumfa na darewa gida biyu. 'Yan Roni suka yi tsalle gefe, 'yan Gwiwa suka yi tsalle gefe, duk suka zube, amma ko ɗaya bai taɓa shi ba. Ya ratsa tsakiyar fili yana salati, ya wuce inda ake jefa bugun falan ɗaya, ya je ya rungumi ƙarfen kwando da gwiwarsa, ƙau! Girgizar ta sa hularsa, da ta yi sama tun a hanya, ta sauka a bakin zoben, ta yi lilo, ta faɗa ciki ta fito ta raga.

Sama'ilu ya ɗaga yatsa biyu. Maki biyu ne, na farko a rayuwar Kwamishina.

Zubair na tsaye taku biyar daga wurin. Ya yunƙura zai taimaka, Madam Gloria ta daka masa tsawa ya koma baya. Ta sa safar hannu, ta lallaɓo ta gefen da babu sabulu, ta duba gwiwar, sannan ta saita masa na'urar auna zafi a goshi. Ta duba, ta sake dubawa.

"Yallaɓai, gwiwa targaɗe ne. Amma jikinka ya yi zafin da za a dafa ƙwai. Tun yaushe ka daina jin ƙamshi?"

"Ba ni na daina ji ba," ya ce daga ƙasa, kumfa a gemu. "Su suka daina yi."

Aka ɗauki samfurinsa da na 'yan wasa aka aika gwaji, aka sallami kowa da umarnin ya keɓe kansa. Bayan kwana huɗu sakamako ya dawo. A cikin 'yan wasa babu ko ɗaya da ya kamu. Kwamishina kuwa yana da korona. Biyu daga 'yan kwamitin da suka zauna inda jawabinsa ke sauka sun kwanta, ɗayansu sai da aka sa masa iskar taimakon numfashi kafin Allah ya tashe shi. Wannan ɓangaren ba abin dariya ba ne, kuma ban yi ba. Na dai riƙa tuna Ya Kura da fukarta, da taku biyar ɗin nan.

Zubair ya koma Roni, ya yi sati biyu a zaure duk da haka, tsohuwa na turo masa tuwo da sanda tana yi masa tsiya. Maganar kora kuwa ta bi ruwan sabulu, don babu wanda ya sake tayar da ita.

Kwamishina aka killace shi a ɗakin baƙi na gidansa. Ba mai shiga, ba mai fita. Hajiya Bilqis na ajiye abinci a bakin ƙofa ta juya, kuma an ce ba a taɓa ganin ta cikin walwala irin ta wannan sati biyun ba. A rana ta goma, da zazzaɓi ya sauka, Madam Gloria ta zo ta tsaya a tsakar gida, nesa da taga.

"Yallaɓai, ya jiki? Ka ga wannan ɗakin da kake ciki? To wannan ita ce babul."

Ya leƙo ta tsakanin ƙarafan taga, ya ɗan rame, amma muryar na nan.

"Madam, ki rubuta. Ɗan wasa nawa ya kamu? Babu. Me aka zuba a fili? Kumfa. Tsarina ya yi aiki ɗari bisa ɗari, kuma ina jiran godiyar jama'a."

"Ai kuwa ta fara zuwa. Jiya na je Roni, kakar Zubair ta ba ni saƙo. Ta ce ta ji duk yadda aka yi, ta ce ba don Allah ya sa an tsare mata jika ba da yanzu wani zancen ake. Ta ce lallai in isar da gaisuwa da godiya, ta sa albarka har tana hawaye."

Kwamishina ya gyara tsayuwa. Ya laluba hula ya kafa. Ya yi gyaran murya irin ta karɓar lambar yabo.

"Madalla da dattijuwa mai hangen nesa. Faɗi yadda ta faɗa, kalma da kalma, don a sa a tarihi. Ta ce a gai da Kwamishina?"

"A'a, Yallaɓai," in ji Madam Gloria. "Ta ce a gai da sabulun."